Man Kaɗe Ba Ya Korar Hunturu

Duk wanda ya yi hunturu a Jugu ya san aikin man kaɗe. Iska ta taso da ƙura, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, ƙafa ta yi furu-furu kamar an tsoma ta a toka. Gwaggona, wadda ta tsufa tana sayar da shi a zangon garin, takan lakato da yatsa, ta murza a tafin hannu har ya narke, ta bi faso da shi. Kwana uku ƙafa ta yi laushi. Amma ban taɓa jin ta ce wa mai saye mai zai kori hunturu ba.

Ita na tuna ran da maƙwabciyata a Paraku ta miƙo min waya, wai an samo maganin da ke mayar da tsohuwa yarinya. Bara al'ada ta ɗauke mata. Cikin sanyin Janairu kowa na ƙudundune a bargo, ita tana bakin gado da mafici, zufa ta jiƙa ta sharkaf. Ta ce, "Ƙanwata, anya ba jifa aka yi min ba?"

Babu jifa, Yaya. Galibi tsakanin shekara 45 da 55 jikin mace ke rage samar da sinadarin istirojin. Daga nan zafi ya riƙa tasowa daga ƙirji zuwa fuska, barci ya gagara, gaba ya bushe, ƙashi ya soma lalacewa a ɓoye. Abin da likita ke yi shi ne ya mayar wa jiki kaɗan daga abin da ya rasa, ta ƙwaya, ko man shafawa, ko ɗan abin mannawa a fata. Maganin yana kwantar da zafin sosai, yana kuma kare ƙashi. Shafa mai ke nan a kan faso.

Masu zuzuta maganin sun daɗe. A 1942 aka amince da Premarin a Amurka, wani istirojin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. A 1966 wani likita, Robert Wilson, ya fitar da littafi yana yi wa mata alkawarin ƙuruciya har abada ta hanyar istirojin. Zuwa 1975 aka gano istirojin shi kaɗai na jawo kansar mahaifa, shi ya sa mai mahaifa sai an haɗa mata da wani sinadarin, furojestaron. Sai a 2002 aka tsayar da wani babban gwajin maganin a Amurka, na mata sama da 16,000, saboda ƙaruwar kansar mama, shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini. Mata da yawa suka watsar da maganin. Daga baya aka lura matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne. Yanzu likitoci na ganin wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, amfaninsa gare ta yakan fi haɗarinsa.

A nan fa kwatancen Gwaggo ya tsaya. Man kaɗe ko ka lafta, iyakarsa ka yi maiƙo, ƙura ta manne maka. Maganin nan kuwa da awo ake shan sa, kuma akwai wadda bai halatta mata ba sam. 

Don haka, Yaya, kada ki saya a faranti a kasuwar Arzeke, kada ki karɓi ragowar na ƙawa. Je ki asibiti ki ga likitan mata. Ki faɗa masa in an taɓa yin kansar mama a gidanku, in kina da hawan jini ko ciwon hanta, in jini ya taɓa daskare miki a ƙafa. In kuma kika ga jini bayan al'ada ta shekara da ɗaukewa, kada ki jira gobe.