Pablo Casals: yaron da ya yi haƙuri da goge har ya zama malami

'Yan uwana ɗalibai, yawancinmu mun san goge, amma ba kowa ya san yana da babban wa a ƙasar Turai ba. Sunansa celo. Yana da tsirkiya huɗu, kuma saboda girmansa a zaune ake kaɗa shi, a kafa shi a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Ana goga shi da sanda mai gashin wutsiyar doki, muryarsa kuma mai kauri ce kamar ta babban mutum.

Ɗaya daga cikin gwanayen celo shi ne Pablo Casals. An haife shi a 1876 a garin El Vendrell na ƙasar Sifen. Mahaifinsa makaɗi ne, shi ya fara koya masa. Daga baya mahaifiyarsa ta kai shi makarantar kiɗa a Basalona. Ba masu kuɗi ba ne, don haka da rana yana makaranta, da dare yana kiɗa a gidan shan gahawa.

Yana da shekara 13, wato sa'anmu, ya ci karo da wasu tsofaffin takardu a wani shago. Kiɗa shida ne da Bach, wani Bajamushe, ya rubuta wa celo. A lokacin an ɗauke su abin gwajin hannu kawai. Casals ya kai su gida yana bitarsu kullum, sai da ya yi fiye da shekara 10 kafin ya yarda ya kaɗa su a gaban jama'a. Tsakanin 1936 da 1939 ya naɗe su a faifai, yanzu kuwa kusan duk mai koyon celo sai ya bi ta kansu.

Ya kuma gyara yadda ake koyarwa. A da akan sa ɗalibi ya matse littafi a hammata don kada hannunsa ya motsa. Casals ya ga hakan yana ƙage hannu, sai ya saki kafaɗa da gwiwar hannu, sautin ya ƙara daɗi.

Bayan yaƙin basasar Sifen ya ƙare a 1939, Janar Franco ya kama mulki. Casals ya ƙi zama a ƙarƙashinsa, ya koma ƙaramin garin Prades a Faransa. Ya daina zuwa manyan biranen da ake biyansa kuɗi mai yawa, amma ɗalibai suka riƙa bin sa har can don neman ilimi. A 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta zaman lafiya. Ya rasu a Puerto Rico a 1973 yana da shekara 96, kuma har tsufansa bai bar bita ba.

Mu da muke ajiye littafin lissafi bayan mako biyu mu ce ya fi ƙarfinmu, sai mu tuna da wannan yaro. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.