Kwafar Waƙoƙi Zuwa Wayar Hannu: Inda Doka Ta Ja Layi

MINNA — A kasuwar Kure da unguwanni irin su Bosso da Tunga, akwai matasa da dama waɗanda jarinsu bai wuce kwamfuta ɗaya da teburi ba. Sana'arsu ita ce tura wa jama'a waƙoƙi a waya ko a memori, a biya su 'yan kuɗi kaɗan. Sana'ar tana ciyar da gidaje, amma ta tayar da wata tsohuwar tambaya: shin wanda ya sayi waƙa yana da ikon kwafarta yadda ya ga dama?

Idan za a iya tunawa, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, ɗan asalin Minna, ita ce ta kafa dokar soja mai lamba 47 ta shekarar 1988 game da haƙƙin mallaka, a lokacin da kaset ke tashe. Daga wannan doka ce Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta samo asali. A shekarar 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan sabuwar doka wadda ta maye gurbinta.

Bisa ga dokar, wanda ya sayi faifai ya mallaki faifan ne kawai, waƙar kuwa tana nan hannun mai ita. Haƙƙin wanda ya tsara waƙa yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwarsa, shi kuwa sautin da aka ɗauka shekara 50. Ke nan waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069.

Sai dai dokar ta bar ƙofa ga mai amfanin kansa, muddin ya yi shi bisa adalci. Ana auna wannan da abubuwa huɗu: manufar kwafar, irin aikin da aka kwafa, yawan abin da aka ɗiba, da kuma illar da hakan zai yi wa kasuwar mai aikin. Mutumin da ya juye faifan da ya saya zuwa wayarsa domin ya saurara a mota yana da hujjar kare kansa. Wanda kuwa ya sayi faifai ɗaya ya tura wa mutum ɗari ya karɓi kuɗi, ya shiga gonar mawaƙi.

Ƙasashen waje ma sun sha wannan muhawara. A 1999 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ƙi hana sayar da ƙaramar na'urar Rio, tana mai ganin cewa juye waƙa domin amfanin kai ba ciniki ba ne. Ingila ta halatta irin wannan kwafa a 2014, amma babbar kotu ta soke dokar a 2015, bayan masu waƙa sun koka cewa ba a tanadar musu diyya ba. Jamus kuwa tun 1965 ta ɗora haraji a kan na'urorin ɗaukar sauti domin biyan masu haƙƙi. Nijeriya ta bi wannan sahu da umurnin 2012, wanda ya sanya haraji a kan kayayyakin da ake iya kwafa da su.

Abin lura ga 'yan kasuwa shi ne, wannan haraji bai zama lasisin sayar da waƙar wani ba. Mai shagon tura waƙa, da mai otal ko gidan biki da ke sa wa baƙi kiɗa, duk suna bukatar izini daga mai waƙar ko daga ƙungiyar da hukuma ta amince ta karɓi kuɗi a madadin mawaƙa. Rashin yin haka na iya jawo ƙwace kayan aiki, da tara, har ma da ɗauri.