Gargaɗi ga Mazauna Mararraba, Masaka da Kewaye: Haya na Gab da Fin Ƙarfinmu

Jama'ar Mararraba, Ado, Sabuwar Nyanya, Masaka, har zuwa Auta Balefi, ku saurara. Maganar muhalli ce. Maganar inda 'ya'yanku za su kwana baɗi ce. Kada wani ya ce ba ta shafe shi ba.

Malam, yaushe kuɗin hayarka zai ƙare? Wata nawa ya rage? Ka san abin da mai gida zai yanka maka wannan karon? Ka tanadi ko da rabi? In ya ƙara kuɗi, ina za ka nufa da iyali? Kada ka jira sai an miƙo maka takardar tashi. Ranar da ta zo, dabara ta riga ta ƙare.

Ku tuna yadda muka taru a nan. Ranar 12 ga Disamba, 1991 gwamnatin tarayya ta koma Abuja. Birni ne da aka zana a takarda tun 1979, amma masinja da direba da mai gadi da malamin firamare ba su samu wurin da ya ishe su a cikinsa ba. Sai ga rusau na shekarun 2003 zuwa 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja. Dubban iyalai suka kwashe komatsansu. Da yawa suka tsallako iyaka zuwa Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. Gonakin Gbagyi suka koma filaye, filaye suka koma ɗakunan haya. Har yau ba a daina zuwa ba. Rashin tsaro a ƙauyuka yana koro wasu, tsadar cikin birni tana koro wasu.

To, mu nawa ne yanzu? Wa ya ƙirga mu? Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce. A lokacin an ce mutanen Karu sun ɗan haura 200,000. An shirya wata a 2023, aka ɗage. Yaron da aka haifa a shekarar waccan ƙidaya yau ya isa neman ɗakin kansa. Da wane lissafi ake tsara mana ruwa? Da wane lissafi ake tsara makaranta da asibiti da magudanar ruwa? Ko a matakin ƙasa haka abin yake. An daɗe ana cewa Najeriya na da giɓin gidaje miliyan 17, sai a 2021 ministan gidaje na lokacin, Babatunde Fashola, ya fito ya ce adadin ba shi da tushe. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali. Gari yana kumbura kullum, amma ba a san gida nawa ake buƙata ba, ba a san wane iri ba, ba a san nawa mutane za su iya biya ba.

Tunda ba a yi mana lissafi ba, kai ka yi naka. Yau, ba gobe ba. Ɗauki biro da takarda.

Masana harkar gidaje suna da ma'auni: kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Kashi 30 ɗinsa naira 21,000 ke nan a wata, wato 252,000 a shekara. Yanzu duba rasit ɗinka na bara. Nawa ka biya? Ɗora la'adar dillali. Ɗora kuɗin lauya da ake karɓa ko da ba ka ga lauyan ba. Ɗora kuɗin ajiya na gyara, wanda ba kasafai yake dawowa ba. Kuma duk a dunƙule ake so, na shekara guda cif, alhali kai wata-wata ake biyanka. Ya wuce ma'aunin ko bai wuce ba?

Ba ka gama ba. Saura kuɗin mota. Ka zo nan ne don haya ta fi sauƙi, amma hanya tana cinye sauƙin. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Lissafa zuwa da dawowa na kwana ashirin da biyu. Haɗa da acaɓa daga ƙofar gida zuwa bakin titi. Haɗa da mai ruwa, kura nawa a mako. Haɗa da kuɗin wuta da na 'yan sintiri da na kwasar shara. Wannan jimlar ita ce ainihin kuɗin gidanka. In ta kai rabin abin da kake samu, kana cikin haɗari. Ciwo ɗaya ya isa ya jefa ka bashi. Jinkirin albashi na wata ɗaya ya isa.

Alamun ba a ɓoye suke ba. Fito titin Keffi zuwa Abuja bayan sallar asuba ka gani. Mutane cike a bakin hanya cikin duhu, kowa da jakarsa a ƙirji, ana rububin mota, cunkoso tun daga Mararraba har gangaren Kugbo. Uba ya fita yara na barci, ya dawo suna barci. Wasu ma'aikata sun koma kwana a ofis ko a masallaci, sai Juma'a su leƙo gida. Wasu sun mayar da iyali ƙauye. Wanda yake ciki da falo ya koma ɗaki ɗaya. Wanda yake Mararraba ya matsa Masaka, na Masaka ya matsa gaba wajen Keffi. Ina za a matsa bayan nan?

Shiga lungu ka duba tsakar gidan haya. Ɗaki goma, banɗaki ɗaya, layi tun da sassafe. Katifa a jingine da bango, tukunya da risho a bakin ƙofa, yara manya maza da mata a ɗaki guda da iyayensu. Ga rijiya, ga ramin masai, taku kaɗan tsakaninsu. Me kuke tsammani zai faru in damina ta sauka ƙasa ta jiƙe? A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, kuma yankin Abuja bai tsira ba. Cuta irin wannan cunkoso take nema.

Sai gini a hanyar ruwa. Fili ya yi tsada, mutane sun gangara bakin rafi da cikin kwari. Ku tuna Lugbe. A Yunin 2023 ambaliya ta mamaye rukunin gidajen Trademore, ruwa ya shanye gidaje da motoci. Can ma gefen Abuja ne kamar nan. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Kada ka kama ɗaki da rani ba ka tambayi maƙwabta yadda wurin yake a watan Agusta ba. Dubi gindin bango. In ka ga shatin ruwa, juya.

Mai shirin sayen fili, tsaya. Filin awon igiya ne? An bar hanyar da mota za ta shiga? An bar wurin kwata? Mutum nawa aka sayar wa kafin kai? Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, takardar da dillali ya rubuta maka ba ta isa ba. Je ofishin NAGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Jihar Nasarawa, ka bincika kafin ka biya ko sisi. Buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Kada ka zuba guminka na shekara goma a inda za a zo a shafa jan fenti.

Ma'aikaci, mai yiwuwa ana cire maka kashi 2.5 cikin 100 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992. Ka taɓa duba nawa ka tara? Ka san ana ba da rance a kan ruwa kashi 6, a biya cikin shekaru masu yawa? Je ka tambaya. Kuɗinka ne.

Masu unguwanni, limamai, fastoci, shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu haya, kada ku jira ƙidayar ƙasa. Ku ƙirga unguwarku da kanku. Gida nawa? Ɗaki nawa? Mutum nawa a kowane ɗaki? Nawa ake biya bana, nawa aka biya bara? Gida nawa ne ba masai? Littafi ɗaya da matasa goma sun isa. Ku kai wa kansila. Ku kai wa shugaban ƙaramar hukuma. Ku ajiye kwafi.

Gwamnatin Nasarawa da hukumar Abuja, mutanen nan a wajen ɗayanku suke kwana, a wajen ɗayan suke aiki. Ku zauna tare. A Fabrairun 2024 an ƙaddamar da ginin gidaje 3,112 a Karsana. Madalla. Amma mai albashin 70,000 zai iya shiga? Mai tura baro fa? Bazawara mai 'ya'ya biyar fa? Abin da ake nema a nan ɗaki ɗaya ne da ciki da falo, masu ruwa da banɗaki, a biya wata-wata. Ku fara da tambayar mutane abin da aljihunsu zai ɗauka, sannan ku zana gida. Ku keɓe filin makaranta da asibiti da hanya a Kuchikau da Uke tun ana ganin ƙasa. Duk shekarar da ta wuce, wani fili ya tafi. In an riga an gina, sai rusau, kuma mun san wanda rusau yake faɗawa a kansa.

Masu gidaje, ku ji tsoron Allah. Ku sanar da ƙari da wuri. Ku karɓi biya kashi-kashi. Ku raba rijiya da masai kafin ruwan farko.

Kai kuma ɗan haya, je wajen mai gida a wannan makon. Tambaye shi kuɗin baɗi. Ka ce ya rubuta maka. Fara ajiya daga albashin wannan watan, ko adashi ne ka shiga.