GARGAƊI GA MASU KAI MARA LAFIYA GASHIN CIWON DAJI

Jama'ar Ikara, Makarfi da Kudan, musamman wanda likita ya rubuta wa ɗan uwansa gashi saboda ciwon daji: a ji wannan, a kuma isar wa na gaba.

Gashi magani ne, kada wani ya tsorata ku da shi. Sai dai hasken da injin ke fitarwa ido ba ya ganinsa, mara lafiya ma ba ya jin komai yana kwance a ƙarƙashinsa. In an zarce ƙima, sai bayan kwanaki ko makonni ɓarnar ke fitowa.

A 1996, a wani asibiti da ke San Jose ta ƙasar Kosta Rika, an sa wa injin gashi sabon sinadarin kobalt. Wajen awo aka ɗauki minti 0.3 a matsayin daƙiƙa 30, alhali 18 ce. Majinyata fiye da 100 suka sha haske fiye da yadda aka rubuta musu, wasu suka rasu. Injin lafiyarsa lau, lissafi ne ya karkace. Ga shi ƙarfin kobalt raguwa yake, duk shekara biyar da 'yan watanni rabi ke tafiya, don haka awon ba na rana ɗaya ba ne.

A ƙasar nan hukumar NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa, ita ke ba da lasisin ajiye irin wannan inji da aiki da shi. Cibiya mafi kusa da mu tana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Shika. In kun je aka ce inji ya tsaya, ku nemi likita ya rubuta muku takardar zuwa wata cibiyar da aka sani. Kada ku bi ɗan kamasho mai cewa ya san wurin da babu layi. Duk inda aka tura ku, ku tambayi lasisi. Ba rashin kunya ba ne.

Ku san sau nawa aka rubuta gashin, ku riƙa ƙirgawa. Kada a goge zanen da aka yi a fata, kada a shafa wa wurin man zafi ko a gasa da ruwan zafi. In fata ta sale tana ruwa, ko amai da zawo suka ƙi tsayawa, a koma asibiti ran nan.

'Yan gwangwan, ku ma da ku ake. A 1987 a Goyaniya ta Brazil, wasu sun kwanto kan tsohon injin gashi daga asibitin da aka yashe, suka fasa, suka sayar. Garin da ke ciki yana ƙyalli shuɗi a duhu, aka yi ta rabawa dangi. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida. Duk ƙarfe mai nauyin gaske da kuka gani da tambarin fukafuki uku kamar na fanka a kan ruwan ɗorawa, kada ku ɗora shi a kan sikeli, kada ku sa masa guduma. Ku ja da baya, ku kori yara, ku sanar da 'yan sanda da mai unguwa nan take.