Daƙiƙa biyu na farko: yadda kuloci ke yanke hukunci a tseren kartin

A watan Satumban 2013, a filin tsere na Varennes-sur-Allier da ke Faransa, wani yaro mai shekara 15 ya lashe gasar duniya ta kartin a rukunin KZ. Sunansa Max Verstappen. Wanda ya zo na biyu shi ne Charles Leclerc. Duk mai bin gasar Formula 1 a waya, daga Yamai zuwa Damagaram, ya san inda waɗannan biyun suka kai a yau. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a rukunin da suka fafata, wani ɗan mariƙi da ke bayan sitiyari na iya kashe wa direba tsere tun bai yi mita goma ba.

Kartin 'yar motar tsere ce mai zaman mutum ɗaya, wadda ta kusa taɓa ƙasa. Art Ingels ne ya fara ƙera ta a Kalifoniya ta Amurka a 1956, yanzu kuma hukumar CIK-FIA ce ke kula da manyan gasanninta. A yawancin rukunoni motocin na tafiya a jere a hankali, sannan a ba su damar tashi. KZ daban yake: kowa na tsayawa cik a gurbinsa, inji na kuka, har sai jajayen fitilu sun mutu. Injin mai cc 125 ne, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, yana da giya shida, da kuma kuloci na hannu, wato abin da makanikan Nijar ke kira ambarayaj.

Abin mamakin shi ne da zarar an tashi, direba ba ya sake taɓa kuloci. Giya yake bugawa kawai, ya ɗan sassauta totur. Duk aikin kulocin bai wuce daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ba, amma a nan matsalar take. Wannan inji ba shi da ƙarfin kirki idan yana juyawa a hankali, sai ya hau sama ƙarfinsa ke fitowa, yana kusantar juyi 14,000 a minti. Direban da ya saki mariƙin gaba ɗaya, ko inji ya shaƙe ya mutu, ko tayoyin baya su yi ta juyawa a wuri guda. Wanda ya riƙe fiye da kima kuwa, faifan sun yi ta gogar juna suna ƙonewa, abokan hamayya sun wuce.

Mutuwar inji a layin tashi ta fi asarar matsayi muni. Motar KZ ba ta da makunnin lantarki, sai an tura. Direba na zaune a tsakar hanya, ba abin da ya rage masa sai ɗaga hannu sama, alhali na baya suna tahowa da gudu, kowanne idonsa na kan motar da ke gabansa. Da yawa daga cikin karon da ake yi a farkon tsere daga nan suke farawa.

Shi ya sa makanikai ke ba wannan ɗan kaya lokacin da ya fi girmansa. Duk wanda ya taɓa buɗe kulocin babur ɗin kabu-kabu zai gane tsarin: faifai masu fata da faifan ƙarfe a jere, sifirin na matse su. Bambancin shi ne na babur yana iyo cikin mai, na yawancin injunan KZ kuwa busasshe ne, a waje yake yana shan iska. Ɗigon mai ɗaya ya isa ya sa shi santsi. Robar tare mai idan ta fara yoyo a bayan kwandon kuloci na iya jawo hakan.

Gyara na farawa daga waya. Dole a bar wa mariƙin ɗan wasa, kamar milimita 2 zuwa 3, kafin ya fara ja. Idan waya ta yi tsauri, faifan ba za su zauna sosai ba, kuloci zai riƙa zamewa ko da an sake shi. Idan ta yi sako-sako, ba zai rabu duka ba, sai motar ta fara rarrafe tun fitila ba ta mutu ba, alƙalai kuma su rubuta hukuncin tashi kafin lokaci. Zafi ma na jawo wannan rarrafen, don haka gogaggun direbobi ba sa gaggawar saka giyar farko, musamman waɗanda ke sahun gaba, da za su jira har na ƙarshe ya shiga gurbinsa.

Sai faifan kansu. Ana auna kaurin masu fata a gwada da abin da kamfanin injin ya rubuta. Na ƙarfe kuwa a ɗora su kan gilashi mai santsi a duba ko sun lanƙwashe. Wanda ya yi shuɗi-shuɗi ya sha wuta, kuma ba kasafai yake komawa daidai ba. Sifirin na gajarta da tsufa, kuma ana sauya su duka lokaci guda, domin sabo ɗaya cikin tsofaffi na sa matsin ya karkata gefe. Akwai wani wuri da masu koyo ke yawan mantawa: haƙoran kwando. Kunnuwan faifan na cin su har su yi tsagi-tsagi, daga nan faifan su riƙa maƙalewa, kuloci ya kama yau a nan, gobe a can. A wajen direba wannan ya fi kuloci mai rauni illa, tun da hannunsa ya haddace wuri ɗaya ne.

A ƙananan rukunoni, kamar Rotax Max da X30, babu mariƙi. Kulocin da kansa yake kamawa idan inji ya kai wani juyi, kamar yadda yake a baburan da ba su da kuloci a hannu. Sifirin mai tauri na jinkirta kamun, takalma masu nauyi na gaggauta shi. Sai dai dokokin waɗannan rukunoni sun ƙayyade inda zai kama, kuma masu bincike na dubawa, don haka aikin makanike a nan tsabta ce da ɗan giris kaɗan a kan borin tsakiya, ba tare da ya taɓa fuskar takalman ba.

Matasan da ke zaune a Italiya, Faransa ko Beljiyam, kusa da filaye irin su Lonato, Le Mans da Genk, za su iya ganin wannan da idonsu a ranakun atisaye. Direba zai tsaya a gefen fili, ya gwada tashi sau ɗaya ko biyu, sannan ya zagaya don iska ta huce masa faifai. Ba ya jera gwaji biyar a wuri guda, domin kafin na biyar kulocin da yake koyo da shi ya riga ya zama wani daban.