Tankin da babu mai a ciki ya fi tashi da wuta

Tun ƙarancin fetur na watan Maris 2025, wata magana take yawo a tashoshin Madawa, Buza da Keita, wai man kwalba ne ke huda tankunan motoci. Ana iya gane dalilin zargin. Shekara da shekaru yankin nan ya dogara da man da ake shigowa da shi daga Nijeriya, har lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, nauyi ya koma kan matatar SORAZ ta Damagaram mai ganga 20,000 a rana. Wanda ya rasa mai a gidan mai, dole ya sayi wanda ya samu a bakin hanya.

Sai dai fetur ba ya cin ƙarfe. Ruwa ne ke ci. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka duk ɗigon da ya biyo mai daga jarka ko duro yakan nutse ya kwanta a gindin tanki. Wani ruwan kuma tankin ne da kansa ke tara shi. Direban da ke sayen lita uku-uku, kusan kullum tankinsa iska ce cike da shi, kuma idan dare ya yi sanyi laimar iskar takan zama raɓa a jikin ƙarfe. Daga waje ma ga laka. Mota ta ratsa korama a kwarin Majiya da damina, taɓo ya maƙale tsakanin tanki da gindin but, ya yi makonni bai bushe ba.

Gindin but kuma kaya ne ke kashe shi: buhun takin zamani, gishiri, kanwa, albasar da ta fara ruɓa, duk a kan tabarmar robar da ba a taɓa ɗagawa. Peugeot 504, alal misali, ta fito a 1968, aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000. Ƙarfen da ya sha irin wannan lodi shekara talatin ai ya yi ƙoƙari.

Inda abin ke ba ni takaici shi ne wurin gyara. Har yanzu akwai mai walda da zai juye tanki, ya girgiza shi, ya ce wa mai mota: "Alhaji, ba komai a ciki, kawo a liƙe." Ai wannan ne lokacin da tankin ya fi haɗari. Abin da ke kamawa tururin fetur ne idan ya gauraya da iska, kuma ba kowane gauri ba. Sai tururin ya kasance tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin ɗari. Duk direban tsohuwar mota ya san haka ko da bai san lissafin ba: idan mai ya yi wa kafireta yawa, inji ba ya tashi, sai an jira iska ta shiga. A tankin da ke da mai, tururi ya yi yawa. Da an juye man, iska ta cike gurbin, an samu daidai gaurin da inji ke so. Ƙaramin cokali ɗaya na fetur ya isa ya mayar da tanki mai lita 50 bam, kuma abin da ya fi cokali yana nan ɓoye a haɗin ƙarfe da cikin tsatsa. Zafin walda ne ke fito da shi. Shanya tanki a rana kwana biyu ba ya raba shi da wannan. Dabarar cusa tiyon hayaƙin mota ma ba abin dogaro ba ce, don tsohon inji yakan fitar da man da bai ƙone ba.

Ƙwararru sukan sauke tankin, su cire ma'aunin mai, su wanke da ruwan zafi da omo sau da yawa, sannan su cika shi da ruwa har kusa da wurin da za a liƙe, su bar baki a buɗe. Idan hujin ya yi yawa, sayen wani tankin ya fi. Sabulun da ake murzawa a kan yoyo zai iya kai mutum gari, amma ruwan sama na farko zai wanke shi.

Ko but kaɗai za a gyara, sai an sauke tanki tukuna, don yana manne a ƙarƙashinsa. A yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ga ƙarfe mai kyau, a sa sabon falle, a shafa jan fenti ciki da waje, a bar ƙofar tsiyayar ruwa. Faci a kan tsatsa ɓoye ta kawai yake yi. Kuma ramin da ke gindin but ba ƙura kaɗai yake shigarwa ba, har da hayaƙin salansa mai guba marar wari, wanda fasinjan kujerar baya ke shaƙa tun daga Keita har Tahoua, yana tsammanin gajiyar hanya ce ta sa masa ciwon kai.

Masu duba takardun mota ba kasafai suke durƙusawa su leƙa ƙarƙashinta ba. Ofisoshin magajin gari kuwa, da suke karɓar haraji a tasha, har yau ba su ga laifin teburin mai kwalba yana dab da rumfar mai walda ba.