Tunani Ma Abin Gwadawa Ne: Hanyar Aaron Beck ta Warkar da Ciwon Damuwa

Duk ɗalibin kimiyya ya san cewa ba a karɓar hasashe sai an gwada shi. A kan wannan ƙa'ida ce wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, ya gina hanyarsa ta warkar da ciwon damuwa, wato baƙin cikin nan mai tsanani da kan hana mutum barci da cin abinci da sha'awar rayuwa.

An haifi Beck a 1921, ya rasu a 2021 yana da shekara 100. Da farko shi mabiyin Sigmund Freud ne, wanda ke ganin ciwon damuwa fushi ne da mutum ya danne har ya juyo kansa. Beck ya yi niyyar tabbatar da haka a Jami'ar Fensilbaniya ta hanyar nazarin mafarkan marasa lafiya, amma bai sami fushin ba. Abin da ya tarar shi ne mafarkan rashi da faɗuwa. Sai ya bi sakamakon bincikensa, ya saki ra'ayin da ya taso a kai.

Ya lura cewa akwai wani irin tunani da kan faɗo wa majinyaci farat ɗaya, ya kuwa karɓe shi tamkar gaskiya. Tunanin kan ɓata masa abubuwa 3: yadda yake kallon kansa, da duniya, da gobensa. Alal misali, ɗalibi ya faɗi jarrabawar lissafi, sai zuciyarsa ta ce, “Ni daƙiƙi ne, kowa ya raina ni, ba zan taɓa zama komai ba.” Jiki kuwa kan amsa wa tunanin tsoro kamar yadda yake amsa wa haɗari na zahiri. Ƙwaƙwalwa kan aika saƙo ga wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda, su saki sinadarin adiranalin, bugun zuciya ya ƙaru, barci ya ƙaurace. Ɗalibin ya kasa karatu, ya sake faɗuwa, tunanin ya daɗa samun gindin zama.

To, yaya Beck ke warware wannan ƙulli? Ba ya yi wa majinyaci wa'azi, ba ya kuma lallashinsa da daɗin baki. Sukan zauna ne kamar abokan bincike, su ɗauki tunanin a matsayin hasashe. Sai ya tambaya: Mece ce hujjarka? Ina sakamakon sauran darussa? Da abokinka ne ya faɗi, za ka kira shi daƙiƙi? Daga nan ya ba shi aikin gida: ya riƙa rubuta abin da ya faru, da tunanin da ya zo masa, da yadda ya ji, sa'an nan ya yi gwaji, kamar ya nemi malami ya sake masa bayani, ya ga ko da gaske za a raina shi. Akan yi zaman ne mako-mako na 'yan watanni, burin kuwa shi ne majinyaci ya koyi dabarar har ya daina bukatar likita.

Beck bai tsame hanyarsa daga gwaji ba. A 1977 shi da abokan aikinsa suka kwatanta ta da ƙwayar imipramine a kan majinyata 41, kuma waɗanda aka yi wa maganin tattaunawa suka fi samun sauƙi. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa galibi hanyoyin biyu kan yi kunnen doki, kuma a ciwo mai tsanani akan haɗa su.

Saboda haka, malamin da ya ga ɗalibi ya keɓe kansa, ya rame, ya yanke ƙauna na tsawon makonni, kada ya ce masa malalaci. Ya saurare shi, ya sanar da iyayensa, a kai shi asibiti, musamman in ya fara ambaton mutuwa.